AJIYAR TUFAFI A ƘARAMIN ƊAKI: DARASI DAGA MANOMAN CITTA NA KWOI

Kowace shekara idan Kirsimeti ko Salla ta gabato, ko kuwa an sa ranar wani babban biki, akwai wani ɓacin rai da kan auka wa gidaje da yawa a Kwoi da Kafanchan da sauran garuruwan kudancin Jihar Kaduna. Uwargida ta kan jawo akwati daga ƙarƙashin gado domin ta fid da zanen da ta daɗe tana tattali, sai ta tarar baƙaƙen ɗigo-ɗigo sun bi shi baki da baki, ga wari mai hawa kai. Maigida kuma ya ɗaga babbar rigarsa ya ga tsatsar akwati ta zauna daidai kan aiki. Daga nan sai a shiga neman wanda za a ɗora wa laifi, galibi kuwa a kan ƙare da cewa ɗaki ne ya yi ƙanƙanta, kuma babu kuɗin sayen sif, watau babban kabad na rataye tufafi.

Lalle ɗakuna sun yi wa mutane kaɗan, musamman ma'aikata da ɗalibai masu zaman haya. Amma wanda ya duba al'amarin da idon basira zai ga cewa abin da ke cin tufafi a wannan yanki laima ce da cushe, kuma sif komai girmansa ba ya maganin ko ɗaya daga cikinsu. Wanda ya fi kowa sanin maganin kuwa yana nan cikin gari, shi ne manomin citta, wanda ya san yadda ake tsare abu mai daraja daga danshi har ya kai lokacin da zai yi kuɗi.

YADDA KAYA SUKA FI ƘARFIN ƊAKI

Son ado ba baƙon abu ba ne a ƙasar Ham, waɗanda Hausawa ke kira Jaba. Ƙauyen Nok, inda masu haƙar kuza suka fara tono gumakan yumɓu a 1928, yana cikin Ƙaramar Hukumar Jaba ne, wadda Kwoi ke hedkwatarta. Gumakan nan da suka haura shekara 2,000 suna ɗauke da duwatsun wuya da mundaye da kitso iri-iri. Sai dai a zamanin da, ko a nan ko a Kano da Katsina, tufafin talaka ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, domin kowane ƙyalle sai an kaɗa zarensa an saƙa da hannu. Adudu ɗaya ko lefe ɗaya ya kan ɗauke kayan mace duka, namiji kuwa igiyar da ya ɗaura a kusurwar ɗaki ta ishe shi.

Abubuwa sun fara sakewa ne a farkon ƙarni na 20. 'Yan mishan na SIM sun buɗe tasharsu a Kwoi a 1910, makarantu suka biyo baya da kayan makaranta da akwatin ƙarfe na 'yan kwana. A 1927 hanyar jirgin ƙasa da ta taso daga Fatakwal ta iso Kafanchan, garin ya zama mahaɗa tsakanin Kaduna da Jos da Gabas, 'yan tireda suka cika shi da yadi da atamfa. Sa'an nan aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a 1957, United Nigerian Textiles ta biyo baya a 1964, atamfar gida ta shiga hannun kowa. Ko da masaƙun nan suka durƙushe a shekarun 2000, tufafi ba su ragu ba, domin yadin Sin da gwanjo sun maye gurbi, da araha fiye da da.

Ba Nijeriya kaɗai abin ya shafa ba. Wani rahoto da Gidauniyar Ellen MacArthur ta Ingila ta fitar a 2017 ya nuna cewa yawan tufafin da ake ɗinkawa a duniya ya ninka sau biyu tsakanin 2000 da 2015, alhali yawan sawar da ake yi wa kowace riga kafin a yar da ita ya ragu da kashi 36 cikin 100. A nan gida kuma ga anko. Kowane aure da nasa, kowace ƙungiyar gari da nata, Zumuntar Mata da nata, har jana'izar manya a kan fid da zane. Amaryar Hausawa kuwa ta kan tare da jerin akwatunan lefe waɗanda su kaɗai sun isa su cinye kusurwa guda. Tufafi sun ninka sau da yawa, amma ɗakin haya yana nan yadda magina suka saba yanka shi, ƙafa 12 sau 12, ko ma ƙasa da haka.

DOKOKI UKU NA MANOMIN CITTA

Mutumin Kano ko Sakkwato da aiki ya kai shi Kafanchan ya kan yi mamakin yadda takalminsa ke yin fumfuna cikin mako guda. Dalili shi ne daminar kudancin Kaduna ta kan fara tun Afrilu ta kai Oktoba, watau wata shida zuwa bakwai, alhali a can arewa ba ta cika wuce wata huɗu zuwa biyar ba. Masana sun tabbatar cewa fumfuna ta kan tsiro a jikin yadi da fata idan danshin iska ya daɗe sama da kashi 70 cikin 100. A Yuli da Agusta kuwa danshin iskar wannan yanki ya kan wuce kashi 80, a yi kwana da kwanaki rana ba ta fito sosai ba. Da hunturu sai abin ya juye, iska ta bushe ƙayau, ƙura ta zama ita ce abokiyar gāba.

Ƙananan hukumomin Jaba da Kachia da Kagarko da Jama'a su ne cibiyar noman citta a Nijeriya. Manomi ya kan tone cittarsa bayan ɗaukewar ruwa, ya tsaga, ya baza a rana, ba zai zuba ta a buhu ba sai ya karya ɗaya ya ji ta yi ƙas. Idan ya zuba, ba ya ajiye buhun a kan daɓe ko siminti, sai ya shimfiɗa katako ko itace tukuna, kuma ba ya jingina shi da bango. Bayan haka ba ya mantawa da ita, ya kan leƙa lokaci-lokaci ya sansana, in ya ji alamar danshi ya mayar da ita rana. Waɗannan dokoki uku, watau bushewa sarai kafin ajiya, da nisantar ƙasa da bango, da yawan dubawa, su ne dai dokokin ajiyar tufafi, babu ragi babu ƙari.

Dalilin kula da wannan ya ƙaru a 'yan shekarun nan. A daminar 2023 wata cutar ruɓewa ta auka wa gonakin citta na kudancin Kaduna ta hallaka kaso mai yawa na amfanin da aka shuka, iyalai da dama suka rasa kuɗin da suka saba samu a ƙarshen shekara. A gidan da samu ya ragu, zanen da ke cikin akwati jari ne. Tun da can mata sun san turmin atamfa da ba a ɗinka ba tamkar kuɗi ne a ajiye, in larura ta taso a ba dillaliya ta sayar a biya asibiti ko makaranta. Turmin da fumfuna ta ɓata kuwa babu mai taya shi ko da rabin kuɗinsa.

A FARA DA RABON KAYA

Kafin a je wajen kafinta, sai a zaɓi rana ɗaya mai hasken rana a fid da dukkan tufafin ɗaki a zube su a kan tabarma, a kasa su kashi huɗu. Kashi na farko su ne na yau da kullum, na biyu na fita, kamar na ofis da na Juma'a da na Lahadi, na uku na biki waɗanda ba a sawa sai sau ɗaya ko biyu a shekara, na huɗu kuwa na yanayi, watau barguna da rigunan sanyi a gefe guda, rigunan ruwa da takalman roba a ɗaya gefen. Na farko da na biyu su kaɗai ne suka cancanci zama inda hannu ke kaiwa. Na uku da na huɗu sama za su hau ko su shiga ƙarƙashin gado.

A wajen wannan rabo lalle a tarar da wani tuli na biyar da bai shiga ko'ina ba: ankon bikin da aka yi shekara biyar da suka wuce, wandon da ya matse, kayan yaran da suka girma. Wannan tuli shi ne ke cinye wuri, shi ne kuma gidan kyankyaso, domin ba a taɓa motsa shi. Duk abin da damina biyu suka wuce ba a sa shi ba, to ya gama aikinsa a wannan ɗaki. Tsohon anko tela zai iya mai da shi rigar yaro ko labule ko rigar matashi. Mai sauran kyau kuma akwai mabukata kusa. Tashe-tashen hankulan da yankin ya sha fama da su, kamar na Afrilu 2011 da waɗanda suka biyo baya, sun raba dubban mutane da gidajensu, Musulmi da Kirista, wasu sun fito daga su sai rigar jikinsu. Masallatai da majami'u da ƙungiyoyin mata sun san inda irin waɗannan iyalai suke. Sai dai a wanke a goge kafin a bayar, kada a mai da kyauta hanyar zubar da tsumma.

Mutanen Japan, waɗanda su ma ƙananan gidaje gare su ga damina mai laima, suna da al'adar sauya tufafi sau biyu a shekara, har makarantu da ma'aikatu da yawa sun tsayar da 1 ga Yuni da 1 ga Oktoba a matsayin ranakun sauyin. Mutumin Kwoi ba ya bukatar aron kalandar kowa, domin yana da tasa. Bikin Tuk Ham da ake yi a Kwoi wajajen Ista yana zuwa ne gab da saukar ruwa, lokacin da ya dace a wanke barguna da rigunan sanyi, a shanya su su bushe sarai, a ɗaure a ɗaga sama. Lokacin shanyar citta kuma, watau Nuwamba zuwa Disamba, shi ne lokacin buɗe kowane akwati a fid da kayan biki su sha iska, tun da sauran makonni kafin ranar sawa. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

WURIN DA IDO BAI KAI BA

Ɗaki mai ƙafa 12 sau 12 yana da murabba'in ƙafa 144. Gado mai ƙafa 6 da 4 da rabi ya cinye 27 daga ciki. Sif mai tsawon ƙafa 6 da faɗin 2 zai ci 12, ban da filin da ƙofofinsa ke bukata kafin su buɗe. Ashe ke nan filin da ke ƙarƙashin gado ya ninka na sif fiye da sau biyu, kuma ba a biya masa ko kwabo. Abin da ake bukata shi ne a sa kafinta ko mai walda ya ɗaga ƙafafun gadon har akwati ya iya shiga da fita ba tare da gogar katako ba, sa'an nan a shimfiɗa katakai biyu a kan bulo domin kada gindin akwati ya taɓa siminti. Masu ajiye katifa a ƙasa sun yi hasara biyu, sun rasa wannan fili, kuma katifar kanta tana shan laima.

Wuri na biyu shi ne saman bango. Daga kan ƙofa zuwa silin akwai ƙafa biyu ko uku da ba abin da ke zaune a ciki sai yanar gizo. Kanta ɗaya ta katako mai ƙarfi da aka kafa a can za ta ɗauki barguna da akwatin kayan biki. Amma a ɗakin da ke da rufin kwano ba silin, a rufe kayan da zane mai kauri, saboda raɓar da kan taru a cikin kwanon da asuba ta ɗigo.

Wuri na uku shi ne kusurwa. Guntun bututun ƙarfe irin na famfo da aka kafa tsakanin bango biyu, aka sakar masa labule, ya zama sif wanda iska ke ratsawa. In silin yana da tsawo a kafa biyu, na sama domin dogayen riguna, na ƙasa domin kayan yara, su riƙa ɗauka da mayarwa da kansu. Bayan ƙofa kuma ya isa a kafa ƙugiyoyi na rataye jaka da ɗankwali da rigar da aka sa sau ɗaya ba ta kai ga wanki ba. Irin wannan riga ba ta komawa cikin wankakku, domin gumin da ke jikinta shi ne abincin fumfuna da asu.

Wajen zaɓen bango sai a lura. Bangon da ruwan sama ke duka daga waje, da wanda ya haɗa da makewayi, da wanda fentinsa ke ɓarewa daga ƙasa, duka masu tsotson ruwa ne. A nemi bangon ciki, a kuma bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da kaya. Da rana kuwa a buɗe taga ko da ta sa'a ɗaya ce, domin ɗakin ma'aikaci da ke kulle tun safe har dare shi ya fi kowane ɗaki wari.

KOWACE MA'AJIYA DA HALINTA

Adudun da kakanni suka yi amfani da shi yana da wata fa'ida da ba a cika yaba masa ba, ita ce iska na shiga ta saƙarsa, ga shi ba nauyi, ana iya rataye shi. Aibinsa shi ne ƙura da ƙwari su ma suna shiga, saboda haka a kan shimfiɗa masa zane a ciki a naɗe kayan. Akwatin ƙarfe ya fi ƙarfin ɓera da gara, amma yana tsatsa, tsatsa kuwa ba ta fita daga farin yadi da sauƙi. Maganinsa a goge shi a yi masa fenti, a bari ya bushe, a shimfiɗa tsohon zanen gado mai tsabta kafin a zuba kaya. Robar ajiya mai murfi ba ta tsatsa, sai dai duk danshin da aka rufe a cikinta yana nan ba inda za shi, don haka ita ce ta fi bukatar dokar manomi ta farko.

Jakar nan mai ratsi-ratsi da aka laƙaba wa suna Ghana Must Go tun 1983, lokacin da gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta sallami baƙin da ba su da takardun zama, jakar tafiya ce. Tana da amfani wajen barguna da labule in an ɗora ta sama, amma ɓera na huda ta cikin dare ɗaya, kuma duk abin da ya shiga gindinta an manta da shi ke nan. Kwali kuwa kada ma a fara, yana shan ruwa, kyankyaso na ƙwai a cikinsa, gara na ganinsa abinci. Haka nan ledar da masu wanki da guga ke sako kaya a ciki ta kawowa gida ce kawai, a cire ta kafin a ajiye.

Mai halin sayen sif shi ma ya yi hattara. Yawancin masu ƙyalli da araha da ake gani a kasuwa da garin katako aka matse su, da zarar gindinsu ya sha laima sai su kumbura su ɓarke. Araha ba ta ado. Gara ƙarami na katakon gaske mai ƙafafu, wanda aka huda wa ramukan iska a baya, da babba mai madubi uku wanda ba zai ga damina ta uku ba.

NINKI DA JERI

Atamfa da zannuwa in an jibga su bisa juna, na ƙasa ba ya ganuwa, kuma duk ranar da aka neme shi sai an rushe tulin. In aka ninke su daidai da zurfin akwati aka jera su a tsaye kamar littattafai, da buɗe murfi za a ga kowanne, a zaro ɗaya ba a taɓa sauran ba. Singileti da gajeren wando da kayan yara naɗe su ya fi ninkewa cin ƙaramin wuri. Babbar riga a ninke ta aikin yana ciki, kuma duk lokacin da aka fid da ita shan iska a sake mata wurin ninki, domin zare ya kan karye a layin da ya daɗe a lanƙwashe. Huluna a cusa su cikin juna a sa a kwano mai murfi. Hangar waya tana tsatsa ta ɓata kafaɗar riga, gara ta roba ko ta katako.

Shaddar da za a daɗe ba a sa ba, a ajiye ta ba sitaci, domin sitaci abinci ne ga kyankyaso da ƙananan ƙwarin nan masu ruwan azurfa da ke gudu in an ɗaga kaya. Tsutsar asu kuwa ta fi son ulu da gashi, watau rigunan sanyi da barguna, musamman masu datti. Rinannen yadi ya kan zuba a jikin fari, shi ya sa marinan Kura ta Jihar Kano suke naɗe baƙin rawaninsu a takarda tun da daɗewa, dabarar da kowa zai iya ara. Takalma da jakunkunan fata su ke fara yin fumfuna, kada a haɗa su akwati ɗaya da yadi. Turaren wuta yana da daɗi, amma yana rufe warin danshi ne kawai, ba ya kore shi.

Akwai kuma abubuwa biyu da suka shafi lafiya kai tsaye. Kayan da aka yi feshin maganin ciyawa ko na ƙwari da su a gona ba su shiga ɗakin kwana, a rataye su waje a wanke su daban. Sa'an nan akwai wani ƙuda da likitoci ke kira tumbu, mai yin ƙwai a jikin jiƙaƙƙen wanki da aka baza a ƙasa ko a inuwa, tsutsarsa ta shiga fata ta yi ƙurji kamar maruru, yara ne kuwa suka fi kamuwa. A yi shanya a kan igiya cikin rana, a bi da dutsen guga mai zafi ciki da waje, zafin ya kan kashe ƙwan.

HATTARA DA KAFUR

Babban haɗarin da ke cikin ajiyar tufafi yana tattare da abin da aka ɗauka magani ne, watau fararen ƙwayoyin nan da ake kira kafur, waɗanda kusan kowace uwargida ke watsawa a akwati. Yawancinsu da sinadarin naftalin aka yi su. Akwai wani hali na jini da ake gado, wanda likitoci ke kira ƙarancin G6PD. Ba cutar sikila ba ce, mai shi ya kan yi rayuwarsa lafiya bai ma sani ba, kuma ya fi yawa a maza. Binciken da aka yi a sassan Nijeriya daban-daban ya nuna cewa fiye da namiji ɗaya cikin 10 yana da shi. In mai wannan hali ya shaƙi naftalin ko ya taɓa fatarsa, jajayen ƙwayoyin jininsa kan farfashe.

Ga jariri sabon haihuwa abin ya fi muni. Uwa ta tanadi kayan jariri tun tana da ciki wata biyar, ta zuba musu kafur don ƙauna, ranar haihuwa a fid da su a naɗe yaro. Bayan kwana biyu ko uku sai idonsa da jikinsa su yi ɗorawa, watau shawara, in ta yi tsanani ta taɓa ƙwaƙwalwa, ta bar yaro da kurumta ko shanyewar jiki, ko ta yi ajalinsa. Likitocin yara a Ibadan sun yi bincike sun ja hankali a kan wannan tun shekarun 1980, Tarayyar Turai kuwa ta hana sayar da irin wannan kafur a 2008. Naftalin ba ya narkewa sosai a ruwa, don haka wanki ɗaya ba ya fid da shi, kuma man da ake shafa wa jariri yana taimaka masa shiga fata. Hanya mafi aminci ita ce kada kafur ya kusanci kayan jariri, ko na mai jego, ko ɗakin da suke kwana. In kuwa aka ga idon jariri ya sake launi, ko ya ƙi kama nono, a garzaya babban asibitin Kwoi ko na Kafanchan ko wanda ya fi kusa a ranar, kada a tsaya jiƙe-jiƙe ko shanya shi a hantsi. Ƙananan yara ma su kan ɗauki ƙwayar kafur su jefa a baki a zaton alewa ce.

Haka nan masu yayyafa ota-fiya-fiya ko Sniper a cikin akwati su daina, magungunan gona ne masu guba, shi ya sa hukumar NAFDAC ta hana sayar da Sniper a kasuwanni da kantuna barkatai a 2019. Mai son abin da zai rage ƙwari ya ƙulla kanumfari ko busasshen ganyen darbejiya a ƙyalle ya sa a kusurwar akwati, ya riƙa sakewa. Waɗannan suna ɗan kore ƙwaro ne, ba su kashe shi. Abin da ke hana shi zama shi ne wanki da guga da rana da yawan motsa kaya.

AIKIN KOWA NE

Kuskure ne a bar wa mata wannan aiki su kaɗai, alhali kafa kanta da ɗaga gado da toshe yoyon rufi aikin maigida ne, kuma sau da yawa rigunansa ne suka fi cin wuri. Masu gina gidajen haya a Kafanchan da Gidan Waya, inda ɗalibai ke cunkushe a ɗaki ɗaya, ya kamata su riƙa sa taga biyu masu fuskantar juna, su ɗaga daɓe sama da ƙasar waje, su bar gurbi a bango wanda ɗan haya zai sa wa kanta. Kafintoci su koyi yin gado mai aljihuna da sif mai ƙafafu. Ungozomomi da ma'aikatan awon ciki su sa maganar kafur cikin abin da suke faɗa wa masu juna biyu. Shugabannin ƙungiyoyi kuma su duba yawan ankon da suke ɗora wa mutane, domin zane ɗaya zai iya yin taro uku ba wanda ya ragu da komai.

Wanda ba shi da kuɗin ko ɗaya daga cikin gyare-gyaren nan, yana da bulo huɗu da katako biyu da rana, su kuwa sun isa a fara. Mako mai zuwa wannan fili zai duba wanki da shanya a tsakiyar damina, da yadda ake fid da tabon fumfuna da na tsatsa daga farin yadi.